Tsakanin Laya Da Farin Jini: Asalin Kalmomin Yabo Na Turanci

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan wata, wani al'amari ne da ya auku a gidan wani dattijo da muka sani a zangon Bawku, ɗan kasuwar albasa, mutum mai kamun kai. 'Yarsa da ke makarantar sakandare ta dawo hutu da takardar sakamako, a ƙasan takardar kuwa malamar ajinsu ta rubuta 'yan kalmomi da jan biro. Shi Alhaji karatun allo ya yi, bai shiga boko ba, don haka sai ya kira wani yaron maƙwabta ya karanta masa. Yaro ya bi layi har ya iso kan kalmar "charming", ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baba, Madam ta ce wai 'yarka tana da laya, tana yi wa mutane asiri."

Alhaji bai runtsa ba a daren nan. Da asuba aka zazzage akwatin yarinya, aka farke matashin kanta, aka tsare uwarta da tambaya. Yarinya tana kuka tana rantsuwa, ba wanda ya saurare ta. Sai da hantsi ya dubi ludayi wani tsohon malamin makaranta da ke unguwar ya shigo gaisuwa, aka miƙa masa takardar. Ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Haba Alhaji, ai yabo ne wannan. Cewa ta yi 'yarka tana da farin jini, kowa yana son zama da ita."

Mun yi dariya da muka ji labarin, amma daga baya muka ga abin ya wuce na dariya. Yaron nan bai yi ƙarya ba, domin a Turancin da ake yi a tashoshin mota da kasuwannin Ghana, in aka ce wani ya yi wa wata "charm", to asiri ake nufi. Tsohon malamin ma bai yi ƙarya ba, domin haka kalmar take a Turancin littafi. Yaya aka yi kalma ɗaya ta ɗauki laya a kafaɗar dama, ta ɗauki farin jini a ta hagu? Da muka bi sawunta, ita da 'yan'uwanta, sai ga shi hanyar ta biyo da mu ta Salaga da Yendi, har ta shigo cikin gidajenmu.

KALMAR DA TA FARA DA WAƘA

Turawan Ingila sun aro "charm" daga Faransanci wajen shekarar 1300, Faransawa kuma sun gaje ta daga Latin, harshen mutanen Rum na dā. A Latin "carmen" ake cewa, ma'anarta waƙa ko baiti. To amma ba kowace waƙa ce ta nishaɗi ba. Akwai wadda ake rerawa a kan mara lafiya don ya warke, akwai wadda ake rerawa don a cuci wani, watau abin da mu muke kira surkulle. Rumawa sun ɗauki abin da gaske, har tsohuwar dokarsu da aka rubuta a kan alluna 12, wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, ta tanadi hukunci ga wanda ya rera wa wani muguwar waƙa.

Daga surkullen da ake furtawa, sai kalmar ta sauka kan abin da aka yi surkullen a kansa aka rataya a wuya, watau laya. Sai can ƙarshen ƙarni na 16 mawaƙa da masu zance suka fara aron ta su yaba mace, suna nufin kyanta ya kama su kamar an yi musu asiri. Haka "enchant" ta yi. Ita ma daga kalmar Latin ta rera waƙa ta fito, ma'anarta ta fari a rera wa mutum surkulle, yau kuwa Bature yakan faɗe ta in abu ya ba shi sha'awa ƙwarai. Haka kuma "spell", wadda a tsohon Turanci take nufin magana ko labari kawai, daga baya ta zama maganar da ke ɗaure mutum.

Kada mu yi mamaki, domin namu harshen ma haka ya yi. Masana harshe sun nuna cewa laya daga Larabci ta fito, daga kalmar aya, asiri kuma daga kalmar sirri. Larabawa kan kira mai kyan da ke ruɗa mutane da wata kalma da ta fito tushe ɗaya da fitina. Akwai ma hadisi a cikin Bukhari da ya kwatanta fasahar magana da sihiri. Ke nan tun tuni ɗan Adam ya lura cewa abin da daɗin baki ke yi wa zuciya ya yi kama da abin da ake jin tsoron boka zai yi mata.

NAHAWU YA ZAMA ƘYALƘYALI

Wadda ta fi ba mu mamaki ita ce "glamour". Yau in 'yan matanmu sun ji ta, abin da ke zuwa musu a rai shi ne 'yan fim da 'yan kwalliya, leshi mai tsada da gwal da fitilu. Asalinta kuwa "grammar" ce, watau nahawu, wannan darasi da ke sa yara gumi a aji. Tushen kalmar daga Girkanci yake, daga sunan harafi. A Turai ta zamanin dā, mutane ƙalilan ne suka iya karatu da rubutu, yawancinsu malaman coci masu Latin. Talaka yana ganin mutum ya dubi baƙaƙe a takarda ya faɗi abin da wani ya ce a wata ƙasa, ko ya faɗi ranar da wata zai yi husufi, sai ya ɗauka lalle akwai wani abu a ƙasa. Saboda haka kalmar nahawu ta ɗauki ma'anar ilmin ɓoye. Mutanen Sikotlan suka karkatar da lafazin ya zama "glamour", suna nufin rufa-ido, watau a sa mutum ya ga abu ba yadda yake ba. Marubucin nan nasu Walter Scott shi ya yaɗa ta cikin Turancin littafi a farkon ƙarni na 19, daga nan ta zama kyan da ke ɗauke ido, har masu fim na Amurka suka mallake ta a shekarun 1930.

Wannan labari bai kamata ya zama baƙo ga ɗan zango ba, domin irinsa ya faru da kakanninmu. Mu da kanmu in mun ce an ba mutum rubutu, ba wasiƙa muke nufi ba, wanda aka wanke daga allo aka sha muke nufi. Wangarawa suna kiran takarda da rubutu da laya duk da kalma ɗaya, "seben", Tonawa, watau Ashanti, suna kiran laya "sebe", Dagombawa kuma suna cewa "sabli", wadda ta yi tushe ɗaya da kalmarsu ta yin rubutu. Duk inda alƙalami ya fara sauka a cikin mutanen da ba su san shi ba, kallon mai asiri ake yi wa mai riƙe da shi.

A shekarar 1817 wani Baturen Ingila mai suna Thomas Bowdich ya je Kumasi a zamanin Sarki Osei Bonsu, ya kuma buga littafin tafiyarsa a 1819. Ya tarar da Musulmi daga arewa zaune a birnin, suna ciniki, suna rubuta wa sarki wasiƙu, suna kuma rubuta layu. Ya ba da labarin cewa darajar takarda ta kai yadda falle ɗaya zai iya ciyar da ƙaramin malami wata guda. Shaidar wannan sana'a tana nan har yau a babban ɗakin karatu na sarauta da ke babban birnin ƙasar Denmak, inda aka ajiye wani ƙunshin takardun Larabci fiye da falle 900 na Musulmin Kumasi. Mafi yawansu hatimai ne da bayanin yadda ake haɗa layu, sauran kuma wasiƙu ne tsakanin su da 'yan'uwansu na arewa. Masana tarihi suna ganin an kwashe su ne a yaƙin Katamanso na 1826, inda aka ci rundunar Tonawa kusa da Dodowa. Wani masani ɗan Ghana, David Owusu-Ansah, ya yi littafi guda a kansu a 1991.

RIGAR YAƘI DAGA YENDI

Bowdich ya kuma ba da labarin rigunan yaƙi na manyan jarumawan Tonawa, irin batakarin nan da ake lulluɓewa da layu tun daga wuya har ƙasa, wasu a ɗinke cikin fata, wasu cikin azurfa da zinariya. Ya ce daga wajen sarkin Dagomba ake samo su, watau daga Yendi, kuma na wani babban jarumi guda sai da aka biya abin da ya kai kuɗin bayi 30. Har gobe Sarkin Ashanti yana da babban batakarinsa na gado mai layu, wanda yakan sa a manyan al'amuran sarauta.

To amma Yendi ɗin da ta sayar da rigunan ita ce ta ga iyakarsu. Ran 4 ga watan Disamba na 1896, mayaƙan Dagomba suka tari rundunar Jamus a Adibo, kudu da Yendi, sanye da rigunansu masu layu, riƙe da bindigogin toka. Sun nuna jaruntakar da har yau makaɗan Dagbon ke ambato, amma bindigar Bature mai ɗurin sauri ta fi ƙarfinsu, aka kashe ɗaruruwa, Jamusawa suka shiga Yendi suka sa mata wuta. Wanda ya san wannan tarihi ya san cewa a wajen mutanen nan laya ba abin ado ba ce, rai suka ɗora a kanta. Shi kuwa Bature a daidai wannan zamani ya riga ya mai da "charm" sunan ɗan abin kwalliya da ake maƙalawa a sarƙar agogo.

JA, DA TARKO, DA KAMU

Akwai wani rukunin kalmomi da ba su fito daga ɗakin boka ba, daga gona da daji da fagen yaƙi suka fito. "Attract" daga kalmar Latin ta ja take, kuma uwarsu ɗaya da tarakta, wadda ke jan garma a gonakin Salaga da Yendi. Da fari likitoci ne ke amfani da ita ga maganin da ke jawo mugunya daga ƙurji, sai aka ba maganaɗisu, daga baya aka ba mutum. Mu ma jan hankali muke cewa, ka ga a nan bakinmu ya zo ɗaya. Shi kansa maganaɗisu sunansa ya zo mana ta Larabci daga Girkanci, daga sunan wani yanki da ake kira Magnesiya.

Maganaɗisun nan ya haifi wata kalma. Wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, ya shahara a birnin Paris da da'awar cewa akwai wani ƙarfi irin na maganaɗisu a jikin ɗan Adam, wanda shi yake iya sarrafawa ya warkar da cuta. A 1784 Sarkin Faransa ya naɗa kwamitin masana, ciki har da Benjamin Franklin na Amurka, suka gwada, suka ce ba su ga wani ƙarfi ba sai abin da marasa lafiya suka sa a ransu. Da'awa ta faɗi, amma sunan mai ita ya zauna, shi ne "mesmerize", watau a ɗauke wa mutum hankali har ya kasa ƙifta ido.

"Allure" kuwa ta maharba ce. Sarakunan Turai suna farauta da shaho, in suna son ya dawo hannu sai su kaɗa masa wani ƙunshin gashin tsuntsu da aka ɗaura wa nama. Sunan wannan ƙunshi shi ya zama kalmar. Ke nan in Bature ya yabi mace da ita, a asali cewa ya yi ita koto ce, shi kuma tsuntsu. "Seduce" ma'anarta ta fari a ja mutum gefe, a kau da shi daga hanya.

Wadda ta fi nauyi a kunnen mutumin Salaga ita ce "captivate". Yau ana faɗinta ga murya mai daɗi ko labari mai riƙe mai sauraro. Tushenta kuwa kalmar Latin ce ta kamamme, wanda aka kamo a yaƙi. Mu ba sai an yi mana fassara ba. Salaga ita ce Gwanjar da fatake ke tasowa tun daga Kano da Katsina da Sakkwato, su yi watanni a hanya da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fatu, su koma da goro. Amma a wannan kasuwa ba goro kaɗai aka sayar ba, an sayar da mutane. Filin kasuwar bayi da rijiyoyin da ake yi musu wanka suna nan ana nuna wa baƙi. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 ikon Tonawa ya sauka daga kan garin, yaƙin basasa na 1892 kuma ya watsa mazaunansa zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran zangunan da da yawanmu muka fito. In mun ga abin kunya ne Bature ya yi yabo da kalmar kamu, sai mu tuna da tamu. Me ake nufi da mallaka, wadda ake sayar wa matan aure a ƙulle cikin leda? Ai abin da ake yi wa bawa ke nan. Matar da ke neman ta mallake miji, da mijin da ke neman ya mallake mata, ba zaman aure suke nema ba.

IDO DA BAKI

"Fascinate" daga "fascinum" ta fito, wadda a wurin Rumawa take nufin sammu, musamman wanda ake yi da ido. Suna tsoron idon mai hassada ƙwarai, har sukan rataya wa jarirai wata 'yar laya mai wannan suna don ta kare su. Duk uwar da ta taɓa ɗaura wa jinjiri guru ko wuri saboda bakin mutane ta san wannan tsoro, mu kambun baka muke cewa. Da kalmar ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 16, da ma'anar sammu ta shiga, kamar yadda ake cewa maciji yana kafe tsuntsu da ido. Sai a ƙarni na 19 ta zama ta abin ban sha'awa. Ita kuwa "bewitch" ba ta ɓoye kanta ba, domin sunan mayya yana nan a tsakiyarta, amma duk da haka saurayi a Ingila yakan faɗa wa budurwa ita, ta yi murmushi.

Kada a ɗauka Turawa sun fara da murmushin. A 1604 majalisar Ingila ta yi doka a zamanin Sarki James na ɗaya, wadda ta ambaci "charm" da sunanta cikin laifuffuka, har da wanda aka yi don a jawo soyayyar haram. A 1682 an rataye mata uku 'yan garin Bideford bisa zargin maita. Sai a dokar 1735 aka hana gurfanar da kowa a kan maita, aka mai da hukuncin kan wanda ya yi da'awar yana da irin wannan iko don ya ci kuɗin mutane, aka yanka masa ɗaurin shekara guda. Da tsoron ya sauka daga zukata, sai kalmomin suka rasa dafinsu, suka zama na zance da tallar turare.

A wajenmu dafin yana nan. A watan Yuli na 2020, a ƙauyen Kafaba da ke kusa da Salaga, an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dukan da ya kashe ta da rana tsaka, a gaban jama'a, saboda wata mai duba ta ce mayya ce. An ɗauki abin a waya, duk ƙasa ta gani. A watan Yuli na 2023 babbar kotu a Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowacce a kan wannan kisa. A cikin watan nan ne kuma majalisar dokoki ta amince da wani ƙuduri na haramta zargin maita, amma shugaban ƙasa na wancan lokaci bai sa masa hannu ba. A Gnani da ke kusa da Yendi, da Gambaga da Kukuo da Kpatinga, akwai matsugunan da ɗaruruwan mutane, yawancinsu tsofaffin mata, suka fake bayan an kore su daga garuruwansu da kalma ɗaya tak. Shi ya sa muka ce abin da ya faru a gidan Alhaji ya wuce dariya. Da maganar ta fita ƙofar gida kafin tsohon malamin ya shigo, wa ya san sunan da za a laƙaba wa yarinyar nan, ko uwarta, ko kakarta?

KWARJINI BA A SAYENSA

Akwai kalma ɗaya da mutane kan zaci 'yar'uwar "charm" ce saboda kamar lafazi, alhali ba su haɗa kaka ba. Ita ce "charisma". Daga Girkanci take, ma'anarta baiwa, kyautar da aka ba mutum ba don ya biya ba. A cikin wasiƙun Bulus na Littafin Kirista ana nufin baiwar da Allah ke ba bawa, daga nan ne ma cocin nan na zamani da suka cika Akra da Kumasi suka samo sunan da ake kiransu da shi. Wani masanin zaman jama'a Bajamushe, Max Weber, wanda ya rasu a 1920, shi ya ɗauko ta ya ba shugabanni, yana nufin irin shugaban da ake bi ba don gado ko doka ba, sai don wani abu da mutane ke gani a tare da shi. Wani masani Ba'amurke, David Apter, ya auna Kwame Nkrumah da wannan ma'auni a littafinsa na 1955. Abin lura kuma, a daren da Nkrumah ya yi shelar 'yancin Ghana a Akra, ran 6 ga watan Maris na 1957, batakarin arewa ne a jikinsa da na abokansa, amma ba laya ko ɗaya a kai.

A nan Hausa ta fi Turanci rarrabewa. Muna da farin jini, na wanda ake so. Muna da kwarjini, na wanda ake jin nauyinsa in ya shigo. Muna da baiwa, ta wanda Allah ya ba wani abu. Muna kuma da laya da asiri da sammu a gefe guda, ba mai rikita su da waɗancan. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, sun kuma ce hali zanen dutse. Wanda ya rasa waɗannan, ko ya sha allo goma na farin jini, wanki kawai ya sha.

SUNANMU A BAKIN WASU

Saura magana ɗaya mai ɗaci. Yadda kalmomin tsoro na Turawa suka hau suka zama na yabo, haka wasu kalmomin girma namu suka sauka a bakin maƙwabtanmu. A kudancin Ghana yau in aka ce wane ya tafi wajen "mallam", ba mai tunanin ya je ɗaukar karatun Ahalari ko Iziyya, kowa ya san asiri ake nufi. Sakawa kalmarmu ce ta yau da kullum, amma tun wajen ƙarshen shekarun 2000 ta zama sunan damfarar intanet da ake haɗawa da tsafi. Kayan mata, waɗanda iyayenmu ke haɗa wa amarya cikin sutura, sun zama abin talla a Instagram da alkawarin kama mai kuɗi. Irin wannan ya taɓa faruwa a gaɓar tekun nan. Turawan Fotugal da suka gina ganuwar Elmina a 1482 sun kira layun mutanen gaɓa da wata kalma tasu mai nufin abin da aka ƙera, ita ce ta zama "fetish", har wani Bafaranshe, Charles de Brosses, ya gina mata littafi a 1760, aka yi shekaru ana auna dukan addinan Afirka da ita. Wanda bai tsare sunansa ba, wani zai raɗa masa.

Laifin ba na maƙwabta ba ne su kaɗai. Allunan talla da ke gefen hanya masu hoton mutum da rawani da tulin kuɗi da lambar waya, wasunsu 'ya'yanmu ne suka kafa. Alhali malamin da Salaga ta sani wani ne dabam. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin basasa, ya rasu can a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausa, da littafin koyar da rubuta wasiƙa, da tarihin ƙasashen Hausa, da almajirai a zanguna da yawa. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gari gari tana tattara irin waɗannan rubuce-rubuce. Wannan shi ne nahawun da muka gada, kuma shi ya ba kakanninmu daraja a fadar Kpembe da ta Yendi da ta Kumasi.

Saboda haka muna kira ga iyaye, in takarda ta zo daga makaranta ko asibiti ko kotu, a nemi wanda ya san harshen da gaske, kada a yanke hukunci a kan fassarar yaro. Muna kira ga malaman boko da ke koyarwa a garuruwanmu su san nauyin kalmar da suke rubutawa a inda suke rubuta ta. Muna kira ga limamai da sarakunan zango su tsawata a kan jifan mutane da maita tun magana tana raɗa. 'Ya'yanmu kuma su riƙe ƙamus, na Turanci da na Hausa, domin mai harshe biyu da bai san zurfin ko ɗaya ba ya fi kowa saurin haɗa faɗa.

Shi dai Alhaji, mun ji cewa da kasuwar Bawku ta ci ya sayo wa 'yarsa sabon matashin kai da turmin atamfa, ya kuma aika wa Madam da kwandon albasa. Uwar yarinyar ce dai har yanzu ba ta gama hucewa ba. Allah Ya ba mu farin jini na halal, Ya tsare mu da sharrin baki. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.